Cinikin Mota da Kuɗin da Aka Ɓoye wa Mai Saye

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya fatauci hanyar neman halal ga bayinsa, ya kuma kawo mu wannan wata mai alfarma da rai da lafiya. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka san shi da amana a ciniki tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu saurare, a zamanmu na yau za mu amsa wata tambaya da ta zo mana daga ƙasar Tenhiya. Mun zaɓe ta ne domin irinta ta yawaita a Damargu, kuma amsarta za ta amfani mai saye da mai sayarwa da dillalin da ke tsakaninsu.

Tambayar da ta zo mana

Wani bawan Allah makiyayi ya ce ya sayar da wani sashe na raƙumansa da shanunsa domin ya sayi mota ƙirar Toyota Hilux, ya riƙa jigilar mutane da kaya tsakanin rugage da rijiyoyi da kasuwannin Tanut da Balbeji. Ya tafi Damagaram da dillalinsa, suka ga motar hannu a wurin wani mai sayar da motoci, aka yi tayi, aka yi albarka, har ciniki ya faɗa a kan sefa miliyan 6. Mai motar ya ce masa a gaban mutane: mota a shirye take, an gama da duwan, sai hawa. Ya biya miliyan 5, aka bar miliyan 1 sai ranar karɓar takardu, ya sallami dillalinsa, ya kawo motar Tanut.

Da ya koma karɓar takardu, sai aka ce bayan cikon miliyan 1 akwai wasu kuɗi miliyan 1 da jika 400 a kansa: jika 900 ragowar kuɗin duwan, jika 100 kuɗin ajiyar motar a filin da ta zauna kafin a sayar, jika 150 la'adar dillalin mai motar, jika 250 kuma na takardar mallaka da lamba da asurans da binyet. Ya ƙi biya, mai motar ya riƙe takardu. Yanzu mota tana ajiye, ba ya iya hawa titi da ita don tsoron jami'an duwan da jandarmomi, dabbobin kuma sun riga sun tafi. Hujjar mai motar ita ce: kowa ya san waɗannan kuɗi a kan mai saye suke, kai ne ba ka tambaya ba. Shi kuma yana tambaya: shin wajibi ne in biya? Ina da ikon mayar da motar? Tuƙin da na yi mata daga Damagaram zuwa Tanut ya zubar da haƙƙina?

Muna tunatarwa cewa bakin mutum ɗaya muka ji. Amsarmu tana tafiya ne a kan yadda aka kawo tambaya, yanke hukunci kuwa aikin wanda ya zaunar da su biyun ne ya saurari kowa.

Yadda mota take isowa gare mu

Ba za a gane hukuncin abu ba sai an san yadda abin yake. Ƙasarmu ba ta da teku, kuma mafi yawan motocin hannu da muke hawa daga Turai ake ɗauko su, wasu daga Amurka ko ƙasashen Larabawa, a sauke su a tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome. Shekaru da yawa babbar hanyarsu ita ce daga Kwatano zuwa Malanbil, su haye gadar kogin Kwara su shigo Gaya. Daga Kwatano zuwa Yamai tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce, daga Yamai zuwa Damagaram kusan 900, daga nan zuwa Tanut kimanin 150. Bayan sauyin mulki na ranar 26 ga watan Yuli 2023 da takunkumin ƙungiyar CEDEAO, iyakar Gaya ta rufe, kaya da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin hanya ya ƙaru. Wasu motocin kuma daga Najeriya suke shigowa ta Dan Barto da ƙasar Magarya, wasu daga Libiya da Aljeriya ta Agadas.

A kowane zango akwai kuɗin da ake kashewa: kuɗin jirgi, kuɗin tashar ruwa, ladan wanda ke fitar da kaya, wato taranzite, ladan direba da kuɗin mai, sannan kuɗin duwan, wanda shi ne mafi nauyi. Ana lissafa shi bisa ƙimar da hukuma ta yi wa motar gwargwadon ƙirarta da shekarunta, a cikinsa har da harajin TVA wanda a ƙasarmu kashi 19 cikin 100 ne. Sai an gama da duwan ake samun takardar mallaka, wadda aka fi sani da kart-giriz, da lambar ƙasa. Daga nan sai asurans, da binyet na shekara, da takardar duba lafiyar mota.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, ganin mota tana yawo a gari ba ya nuna an biya mata duwan. Akwai wadda aka shigo da ita da sunan wucewa zuwa wata ƙasa, musamman Najeriya, wadda a shekarar 2017 ta hana shigar da motoci ta iyakokinta na ƙasa. Akwai mai lambar waje da ta shigo da takardar izini ta ɗan lokaci, idan wa'adin ya cika sai a fitar da ita ko a biya mata. Akwai ta ƙungiyoyin agaji da ma'aikatun da aka yafe wa haraji, wadda idan za a sayar wa mutum sai an biya abin da aka yafe. Irin waɗannan duka suna arha a baki, kuma wanda aka kama motar a hannunsa shi ne yake fara shan wahala. Mai sayar da motoci ya san wannan dalla-dalla domin sana'arsa ce. Makiyayin da ya fito daga Tenhiya ya san raƙumi tun daga haƙori har kofato, amma bai san takardar duwan ba. A wannan tazara ta sani ake cutar mutane.

Asalin ciniki shi ne yarda, yarda kuma sai da sani

Ya ku ƴan'uwa, mu duba Suratul Baƙara. Ayoyin azumi sun fara daga ta 183 suka ƙare a ta 187, aya ta 188 da ke biye musu kai tsaye kuwa hani ce ga cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna. Wanda ya iya kame bakinsa daga abincinsa na halal tun daga alfijir har faɗuwar rana, ya fi cancanta ya kame hannunsa daga dukiyar ɗan'uwansa. A Suratun Nisa'i kuma, aya ta 29, Allah ya gindaya yardar ɓangarorin biyu a cikin kasuwanci. Mutum ba ya yarda da abin da bai sani ba. Don haka malamanmu na mazhabar Imamu Malik suka sanya sanin kuɗi da sanin haja cikin sharuɗɗan ingancin ciniki.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Hakimu ɗan Hizam, Allah ya yarda da shi, hadisin da ke nuna cewa albarkar ciniki tana rataye da abu biyu, faɗin gaskiya da bayyanawa, kuma ƙarya da ɓoyewa suna shafe ta. Mu lura an ambaci ɓoyewa daban da ƙarya. Mutum yana iya fita daga ciniki bai furta ƙarya ko ɗaya ba, amma ya yi ha'inci da shirunsa. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai tsibin hatsi a kasuwa, ya tura hannunsa ciki ya ji danshi, ya zarge shi a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma barrantar da kansa daga mai algus. Mai hatsin nan ba a ce ya yi rantsuwar ƙarya ba. Laifinsa shi ne ya bar abin da zai rage kuɗin kayansa a inda ido ba ya kaiwa. Wannan ya rushe hujjar mai cewa ba ka tambaya ba. Ibnu Majah ma ya ruwaito daga Uƙbatu ɗan Amir haramcin sayar wa ɗan'uwa abu mai aibi ba tare da an bayyana masa ba.

Mu mutanen dabbobi mun fi kowa gane wannan. Shari'a ta hana a ƙi tatsar taguwa ko tunkiya kwanaki don hantsarta ta cika a yaudari mai saye, ta kuma ba wanda aka yaudara zaɓin mayarwa tare da sa'i ɗaya na abinci a madadin nonon da ya tatsa. Motar da aka wanke aka goge aka ɓoye bashin duwan da ke kanta, ita da wannan taguwa hukuncin yaudararsu ɗaya ne.

Ciniki iri biyu

Wajibi ne mu rarrabe tsakanin ciniki iri biyu, domin nan ne ake yawan ruɗewa. Na farko shi ne cinikin tayi, wanda malamai suke kira musawama: ba a ambaci abin da mai kaya ya kashe ba, an dai daidaita a kan kuɗi ɗaya. A irin wannan ba dole ba ne mai sayarwa ya faɗi nawa ya sayo ko nawa ya ci riba, amma duk abin da ya kashe kafin ciniki ya riga ya shiga cikin kuɗin da ya sallama. Ba shi da ikon ya dawo daga baya ya ce ga kuɗin hanya, ga kuɗin ajiya. Cinikin mai tambayarmu irin wannan ne.

Na biyu shi ne murabaha: mai kaya ya ce kaza na sayo, ka ba ni ribar kaza. Wannan cinikin amana ne, sharuɗɗansa sun fi tsanani. Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, ya yi bayaninsa a cikin Muwaɗɗa, malaman mazhaba suka kasa kuɗin da ake kashewa gida uku. Abin da ya bar alama a jikin haja, kamar rini da ɗinki a tufa, ana lissafa shi cikin uwar kuɗi kuma a ci riba a kansa. Misalinsa a mota shi ne sabon fenti da sababbin tayu. Abin da ya ƙara tsadar haja amma bai bar alama ba, kamar kuɗin dako, ana lissafa shi ba tare da riba ba, sai in an bayyana wa mai saye ya yarda. Abin da ɗan kasuwa ya kashe wa kansa, kamar abincinsa da masaukinsa, ba a lissafa shi. Idan kuma ya yi ƙarya a uwar kuɗi, mai saye yana da zaɓin riƙewa ko mayarwa, sai fa in mai sayarwa ya zubar da ƙarin da ya yi tare da ribarsa, to a nan ciniki ya tabbata. Masu cewa wallahi kaza na sauke ta a Lome alhali ba haka ba ne, su ji tsoron Allah. Muslim ya ruwaito daga Abu Zarri cewa mai tallata hajarsa da rantsuwar ƙarya yana cikin mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar alƙiyama.

Hukuncin kuɗin nan huɗu

Na farko, ragowar kuɗin duwan. Malamanmu, kamar Shehu Halilu a Muhtasar da Shehu Dardir a sharhinsa, sun tabbatar wa mai saye zaɓin mayarwa a wuri biyu: idan aka rasa siffar da aka shardanta wadda mai saye yake da buƙata da ita, da kuma idan aka sami tawayar da bisa al'ada ake sa ran haja ta kuɓuta daga gare ta, wadda take rage kuɗinta, ko ta hana amfani da ita, ko ake tsoron ƙarshenta. Motar da aka ce an gama da duwan alhali ba a gama ba ta haɗa duka biyun. An rasa siffar da aka ambata, ba ta hawa titi, kuma ana tsoron a kama ta. Saboda haka jika 900 ɗin nan ba bashi ba ne a kan mai saye. Idan mai motar ya biya duwan ya miƙa takardu, aibi ya gushe, ciniki yana nan a kan miliyan 6, mai saye ya cika miliyan 1 da ta rage. Idan ya ƙi, mai saye ya mayar da mota ya karɓi miliyan 5 ɗinsa cif. Idan suka daidaita a kan a rage kuɗin motar mai saye ya biya duwan da kansa, wannan sulhu ne kuma ya halatta, amma ba a tilasta wa ɗayansu shi.

Na biyu, kuɗin ajiya. Motar ta zauna a filin ne lokacin tana mallakar mai sayarwa, ɗawainiyar abu kuwa tana kan mai shi. Wanda ya sayar da sa a kasuwar Bakin Birji ba ya bin mai saye kuɗin harawar da san ya ci a watannin baya. Da a ce bayan ciniki ne mai saye ya yi jinkirin ɗaukar motarsa, an kuma sanar da shi kuɗin kwana, da sai mu ce ya biya.

Na uku, la'ada. Dillanci sana'a ce ta halal, kuma kasuwannin Damargu da dillalai suke tafiya tun zamanin ayarin da ke bi ta nan tsakanin Kano da Agadas. A kasuwar dabbobi dillali shi ne lamunin cewa dabba ba ta sata ba ce. La'adarsa tana kan wanda ya sa shi aiki, ko wanda aka shardanta wa, ko wanda sananniyar al'adar kasuwa ta ɗora wa. Mai tambayarmu ya sallami nasa dillalin, na mai motar kuma mai motar ne zai sallame shi. Muna kuma yi wa dillalai nasiha: wanda ya karɓi la'ada daga mai saye a kan zai tsaya masa, sannan ya karɓi wata a ɓoye daga mai sayarwa don ya yi shiru a kan aibi, ya ci amana, kuma yana da kaso a zunubin.

Na huɗu, takardar mallaka da lamba da asurans da binyet. A nan adalci ya sa mu ce wa mai tambaya, galibi wannan naka ne. Kuɗi ne na mayar da mota ga sunanka da hawanta a hannunka, al'ada kuma tana ɗora su a kan mai saye in ba a shardanta akasin haka ba. Kalmar sai hawa tana ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya, don haka a tambayi amintattun masu wannan sana'a abin da ake nufi da ita a kasuwar da aka yi cinikin, domin sananniyar al'ada tana tsayawa a matsayin sharaɗi. Sai dai ko da nasa ne, zai biya abin da takardun shaidar biya suka nuna ne kawai. Idan mai motar yana son ladan zirga-zirgar da ya yi wajen fitar da su, ya ambace shi daban tun farko, kada ya cusa shi cikin kuɗin hukuma.

Game da riƙe takardu, mai sayarwa yana da ikon riƙewa har a cika masa kuɗin da aka yi ciniki a kai. Riƙe su don a biya abin da ba a yi ciniki a kansa ba zalunci ne.

Tuƙin da aka yi wa motar

Amfanin da mai saye ya yi da haja kafin ya san aibi ba ya zubar da haƙƙinsa, kuma ba ya biyan haya a kansa, domin da motar ta lalace a wannan lokaci asararsa ce, wanda ke ɗauke da asara kuwa shi ke da amfani. Abin da ke zubar da zaɓi shi ne ya san aibin sannan ya aikata abin da ke nuna ya yarda, kamar ya ci gaba da lodi da ita ko ya yi shiru tsawon lokaci ba da uzuri ba. Malamai sun yi rangwame ga matafiyin da ya ga aibin dabba a hanya, larura ta sa ya ci gaba da hawanta. Don haka ajiye motar da mai tambaya ya yi daidai ne, sai ya gaggauta sanar da mai motar a gaban shaidu cewa bai yarda ba. Idan wata ɓarna babba ta auku ga motar a hannunsa, Ibnu Abi Zaid ya bayyana a Risala cewa mai saye a irin wannan hali yana da zaɓi biyu: ya riƙe ya karɓi ƙimar tsohon aibi, ko ya mayar ya biya ƙimar abin da ya auku a wurinsa. Malamai kuma sun bambanta tsakanin wanda ya sayar bai san aibi ba da wanda ya sani ya ɓoye; shi na biyun har ɗawainiyar mayar da haja wurin da aka yi ciniki tana kansa.

Wasu masu motoci sukan ce na sayar maka yadda ka gan ta, babu ruwana da abin da ya fito. A mashahurin zancen mazhabarmu wannan magana ba ta kuɓutar da mai sayar da dabba ko kaya, ballantana a kan abin da ya sani ya rufe. Abin da ke kuɓutar da shi shi ne ya ambaci aibin da sunansa da girmansa: ba a biya duwan ba, kuɗinsa zai kai kaza, injin yana shan mai, an taɓa yin haɗari da ita. Idan ya faɗa, mai saye ya yarda, magana ta ƙare. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Hanyar warware rikicin

Muna ba su shawara su fara da sulhu a gaban shaidun da suka halarci cinikin da dattawan masu sayar da motoci. Muna kwaɗaitar da mai motar da hadisin da Abu Dawuda da Ibnu Majah suka ruwaito, wanda ke yi wa mai karɓar warware ciniki daga ɗan'uwansa da ya yi nadama albishir da yafewar Allah. Idan wannan ladan wanda ba shi da laifi ne, yaya wanda laifin yake wuyansa? Idan sulhu bai yiwu ba, dokar ƙasa ta ba sarakunanmu na gargajiya ikon sasanta mutane, a rubuta abin da aka daidaita a kai. Idan hakan ma ya gagara, kotu tana nan a Tanut da Damagaram. Kundin dokokin mu'amala da kotunanmu suke aiki da shi ya ɗora wa mai sayarwa lamunin ɓoyayyen aibi, kuma a shekarar 2015 an kafa dokar kare haƙƙin masu saye.

A gaban alƙali, kawo hujja yana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan mai musu. Idan suka saɓa a kan adadin kuɗin ciniki, babu shaida, haja kuma tana nan yadda take, hukuncin mazhabarmu shi ne kowa ya rantse a warware cinikin. Muna gargaɗin mai saye kada fushi ya kai shi ga zagi, ko ƙara gishiri a maganarsa, ko ɓata sunan mutum da abin da bai aikata ba. Wanda aka zalunta yana da haƙƙin neman abinsa, ba shi da haƙƙin wuce iyaka. Kada kuma ya nemi fita ta hanyar ba wani jami'i cin hanci ko sayen takardar jabu, domin wannan wanke najasa ne da najasa.

Abin da za mu kiyaye nan gaba

Tirmizi ya kawo cewa Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya hana wanda bai fahimci hukunce-hukuncen addini ba yin ciniki a kasuwar Musulmi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya ware babin ciniki a littafinsa Ihya'us Sunna, ya yi gargaɗi a kan mutum ya shiga saye da sayarwa bai san hukuncinsu ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Mu kuwa sai mu miƙa kuɗin garke guda a kan maganar baki, muna jin kunyar neman takarda. Rubutu ba zargi ba ne ga kowa, kariya ce ga zumunci.

Saboda haka, duk wanda zai sayi mota ya tambaya a gaban shaidu biyu: wannan kuɗi da ka faɗa, me da me ke cikinsa, me ya rage a kaina? A rubuta amsar, kowa ya sa hannu. Ya nemi ganin takardar duwan ta asali da kart-giriz kafin ya biya, kada ya yi cinikin biri a sama. Ya sa wanda ya iya karatu ya gwada lambar shasi da ke jikin motar da wadda ke cikin takarda, harafi da harafi. A yawancin motocin zamanin nan haruffa da lambobi 17 ne. In da hali ya kai takardun ofishin duwan a tabbatar masa. Ya zo da makanikensa, ba na mai motar ba. Ya shardanta zaɓi na ƴan kwanaki don gwaji da shawara, domin shari'a ta halatta shi, malamanmu sun ƙaddara kamar kwana uku a dabbar hawa. Ya riƙe wani kaso na kuɗin har takardu su zo hannunsa. Idan zai ba da kafin alƙalami, a bayyana cewa yana cikin kuɗin mota in ciniki ya tabbata, a mayar masa in bai tabbata ba, domin a mazhabar Imamu Malik bai halatta mai kaya ya cinye shi ba. Ya kuma yi hattara da arhar da ta wuce hankali. Magabata sun ce araha ba ta ado, sayen nagari kuma mai da kuɗi gida ne.

Ku kuma ƴan'uwanmu masu sayar da motoci, mun san a cikinku akwai masu gaskiya da yawa, mun kuma san wahalar da rufewar hanya da tsadar kaya suka jawo muku. Shari'a ba ta ƙayyade muku riba ba. Ku haɗa duk abin da kuka kashe, ku ɗora ribarku, ku faɗi kuɗi ɗaya a sarari. Mutumin da ya zo muku daga jeji da kuɗin raƙumansa, abincin iyalinsa na shekaru ne ya ɗauko ya damƙa muku. In kun gaya masa gaskiya zai koma ya turo muku danginsa, in kun cuce shi labarin zai riga ku isa kowace rijiya.

Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira hadisin da ke nuna cewa Allah ba ya buƙatar yunwa da ƙishirwar mai azumin da bai bar ƙarya da aiki da ita ba. Duk wanda ya san akwai kuɗin wani a hannunsa ta irin wannan hanya, ya mayar tun kafin watan nan ya fita, domin istigfari ba ya sauke haƙƙin bawa sai an biya shi ko ya yafe. A ranar da babu sefa babu naira, da kyawawan ayyuka ake biya.

Wannan shi ne abin da ya sauwaƙa a kan wannan tambaya, Allah shi ne mafi sani. Abin da muka faɗa daidai daga Allah yake, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararsa. Allah ya daidaita tsakanin waɗannan bayi nasa biyu, ya mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa, ya sanya albarka a kasuwanninmu da garkunanmu da gonakinmu, ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.